Ranar da Bidin Ya Ba Ruwa Umarni

Bidin ne da bakinsa ya ce zai kawo motar kwana-kwana. Ban roƙe shi ba, kada wani ya je ya ce na roƙe shi. Ni Sapiah, wadda duk kasuwar safe ta garin Ipoh ke kira Kak Peah, wato Yaya Peah, shekara goma sha tara da rasuwar mijina ban taɓa miƙa wa danginsa hannu ba, ballantana ƙaninsa Bidin, mutumin da in ya ce maka gari ya waye sai ka leƙa waje ka tabbatar.

Jikana Azrul ya cika shekara bakwai, hutun ƙarshen shekara ya zo, lokacin kaciya ke nan. Ubansa direban babbar mota ne, kullum yana kan hanya, sai hidimar ta faɗo hannuna. Kowa kuma ya san yaro ba ya zuwa gaban wanzami da busasshen jiki. Sai an jiƙa shi da safe a ruwan sanyi har leɓensa ya yi shuɗi, tsoro ya fita, fata ta mutu. A zamaninmu kogi ake kai su. Yanzu kogin ya zama abin da ko agwagwa sai ta yi shawara kafin ta shiga, shi ya sa masu hali suke kiran 'yan kwana-kwana su zo filin masallaci su buɗe wa yara mesa.

Hajah Normah, kakar yaron ta wajen uwa, mai awarwaron zinariya har gwiwar hannu, bara aka yi wa jikokinta biyu da mota a unguwarsu. Shekara guda cur ba ta ajiye maganar ba. In ka ce mata ana ruwa, sai ta ce ai bai kai na motar ba. Da ta ji an sa ranar Azrul, ta zo rumfata ta sayi ƙunshin shinkafa ɗaya, ta tambaye ni cikin tausayi ko a bahon wanki zan jiƙa shi.

Bidin yana zaune a bencin rumfar yana cin abin da bai saya ba. Ya ajiye cokali ya ce mota fa? Mota kawai? Shi da Shugaban 'yan kwana-kwana kofi ɗaya suke shan shayi. In ya ga dama biyu za su zo, har da mai tsani.

Gaskiyar maganar, Bidin ya taɓa gadin ƙofar ofishinsu wata huɗu, shekara ashirin da suka wuce, barci ya raba su. Tun daga nan ba ya buɗe baki sai ya ce “mu a kwana-kwana”. Na san wannan sarai. Amma Hajah Normah tana tsaye tana kaɗa awarwaro, sai na ji bakina ya ce ai mun gama magana da shi tun tuni, ɗaya ma ta ishe mu, ba mu son fariya.

Da ta tafi ya ce ladansa karin kumallo kyauta na wata guda. Na ce kwana uku. Ya ce ashirin. Muka tsaya a kwana goma, ba ƙwai.

Ranar Asabar tun kafin rana ta fito gida ya cika. An dafa shinkafa mai danƙo an rina ta ruwan ɗorawa, an yanka kaji, an kafa rumfa har bakin titi. Maƙwabta biyu sun haɗa 'ya'yansu da namu, yara uku ke nan, an sa musu rigunan siliki da baƙaƙen huluna kamar 'ya'yan sarki. Ga ƙananan ƙannensu da 'yan uwa guda takwas suna bin su a baya, har da jikokin Hajah biyu na bara suna ba su labarin wuƙa. Wanzami ya aiko cewa ƙarfe goma sha ɗaya zai iso, sha biyu kuma yana da yara ashirin a wani ƙauye, ba ya jiran kowa. In aka rasa shi sai hutun baɗi, ni kuma in tsaya in gaya wa mutum ɗari biyu cewa sun ci kazar kaciyar da ba a yi ba.

Ƙarfe bakwai ba mota. Bakwai da rabi ba mota. Yara suna jin ƙarar babur su ruga titi su dawo. Hajah Normah ta zauna a kujerar gaba tana fifita, tana gaya wa mata cewa tasu tun shida da rabi ta iso, da jiniya.

Ƙarfe takwas sai ga Bidin, da wata koɗaɗɗiyar shuɗiyar riga mai maɓallin ƙarfe, da sabon zane mai gida-gida irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, da hula, da usur rataye a wuya. Ya ce mota ta tafi babbar gobara, ba zai faɗi wurin ba, sirrin aiki ne. Amma Shugaba ya ji kunya ƙwarai, ya sa an keɓe mana filin wasan ruwa na sabon lambun gari, mu kaɗai.

“Kak Peah, mota baki ɗaya gare ta,” in ji shi. “Wannan baki arba'in, daga ƙarƙashin ƙasa. Kuma sai na ɗaga hannu zai fito.”

Na ce nawa ne? Ya ce kyauta. Shekara arba'in ina kasuwa, ban taɓa ganin kaya mai tsadar kyauta ba. Amma ga agogo, ga Hajah, ga yara uku busassu kamar kifin gishiri.

Motar da muka samu ta maƙwabcinmu mai sayar da kifi ce, da akwatunan ƙanƙararsa a ciki. Aka ɗora 'ya'yan sarki a kan akwatuna, ƙanana suka tsuguna a tsakani, masu mandiri huɗu suka maƙale a baya suna kiɗa da salati. Hajah ta biyo mu a motarta, gilashi a rufe. Kafin mu kai lambun, silikin nan ya sha ƙarni har kuliyoyin bakin ƙofa suka taso tarbarmu.

Filin yana nan shimfiɗe, daɓe mai laushi ja da shuɗi, da furannin ƙarfe dogaye, da wani ƙaton bokiti a saman turaku. A bushe yake ƙayau. A gefe akwai wani gajeren turke mai hoton tafin hannu da rubutu a ƙasa. Ni lamba nake karantawa da sauri, harafi sai na zauna, amma hannu a buɗe kowa ya san ma'anarsa: kada a taɓa. Na ja kunnen yaranmu duka a kan haka.

Ƙarƙashin itatuwa kuma ga mutane, Sinawa da Indiyawa da namu, sun shimfiɗa tabarmi suna cire wa 'ya'yansu riguna. Hajah ta sauke gilashi ta ce ashe keɓewar da jama'a take zuwa. Bidin ya ce 'yan kallo ne, Shugaba ya yi musu izini.

Ba mu kai ga shiga ba wata mai gadi ta tare mu, Ba'indiya doguwa, sunanta Letchumi. Ta ce ba a shiga da abinci, ba a shiga da takalmi, babba ba ya shiga sai in ɗansa ya faɗi, ba a kiɗa, kuma yara sai da gajeren wando. Na gyara tsayuwa. Na ce dokoki biyar sun yi yawa a kan ruwan da babu shi, ta bar mana biyu. Ta ce ba ita ta rubuta ba. Na ce to uku, kuma zan riƙa zuwa.

“Mak Cik,” ta ce, wato Inna, “wurin kyauta ne.” “Me kike so in rage miki?”

Na ce ba a taɓa gaya mini farashin ƙarshe da safe ba. Muka ja, muka ja, har ta yarda masu mandiri su tsaya bayan shinge su yi abinsu a hankali. Ko banza na fito da wani abu.

Aka tuɓe wa yara siliki. Bidin ya jera su goma sha ɗaya a tsakiyar fili, manya uku a gaba. Ya zaro wani ɗan littafi ya duba, ya duba agogo, ya kara waya a kunne ya ce, “Ranka ya daɗe, mun iso. Tara daidai. A saki.” Ya ɗaga hannu sama, ya busa usur.

Shiru. Tsuntsu ɗaya ya tashi daga kan bokiti.

Ya ce agogon Shugaba yana ɗan baya. Ya sake duba littafi ya ce tara da minti bakwai. Muka tsaya, rana ta fara cizo, ƙananan suka fara tsalle saboda daɓen ya ɗau zafi. Tara da bakwai ya ɗaga hannu biyu. Shiru. Wani mai mandiri ya leƙo ta shinge ya ce Tok Su, wato ƙaramin kaka, yadda ake kiran Bidin, ko ruwan ma ya tafi gobarar ne? Bidin ya ce wanda bai taɓa riƙe mesa ba ya kama bakinsa. Hajah Normah ta fito daga mota da lema, ta tsaya kusa da ni, ta ce a hankali har yanzu tana da baho a gida in ana so.

Sai Bidin ya ce ya gano matsalar, toshewa ce, su a kwana-kwana kullum suna gani. Ya cire takalmi, ya wuce Letchumi yana cewa aikin hukuma ne, ya durƙusa ya kara kunne a ƙasa yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman gyare. Da ya zo kan babban ramin tsakiya, ya tsuguna a kansa, ya tattare zane, ya samo tsinken tsire yana sakace shi.

Duk wannan abin wata 'yar Basiniya da ba ta wuce shekara uku ba, da wandon ruwa mai hoton agwagwa, tana tsaye tana kallonmu. Kakarta ta riƙe ta, don ta ga mandiri da huluna ta ɗauka addu'a muke, ba ta so a katse mu. Yarinyar ta gaji. Ta fizge hannu, ta taka taɓas-taɓas har gaban gajeren turken nan, ta ɗaga tafi ta mare shi.

Baki arba'in ɗin da Bidin ya faɗa, a nan kam bai yi ƙarya ba. Na tsakiyar ya fi duka ƙarfi. Zanen nan ya kumbura kamar lema, hularsa ta tashi, shi kuma ya yi wani irin tsalle da ban taɓa zaton ƙashinsa zai iya ba. Yara suka kaure da ihu, na ƙarƙashin itatuwa suka kwararo, masu mandiri suka manta da alkawarin a hankali.

Ya miƙe yana tsiyaya, ya ɗaga tsinken tsire sama ya ce mun gani? Ya buɗe toshewar.

Da ruwan ya ci gaba da zuba, wataƙila da ya sha da ƙaryarsa. Amma bayan 'yan mintuna sai ya ɗauke ɗif. Bidin ya ce kowa ya ja baya, ya soma ɗaga hannu. Yarinyar ta dube shi, ta koma ta sake marin turken, ruwa ya dawo. Wannan karon ba wanda bai gani ba.

Letchumi ta matso tana kallon fuskarsa da kyau. Ta ce ashe shi ne. Kwana uku yana zuwa ya zauna a can bencin nesa, bayan shuke-shuke, da littafi da agogo, yana rubutu duk lokacin da ruwa ya tashi. Jiya saura kaɗan ta kira masa 'yan sanda. Ashe bawan Allah ya ɗauka agogo ne ke sakin ruwan, bai taɓa matsowa ya ga yara ne ke dannawa ba. Ta nuna rubutun ƙasan hannun ta karanta mana: danna nan.

Hajah ta ce to Shugaban fa, da aka yi waya da shi? Mai mandiri ya ce ga ta can da wandon agwagwa.

Na so ƙasa ta tsage. Amma ba ni da lokacin kunya, domin na sa hannu a ruwan na ji shi da ɗumi, kamar shayin da aka manta. Ashe tankin da ruwan ke fitowa daga ciki yana shan rana. Kusan awa guda yaran nan suka yi a ciki, ba leɓen da ya yi shuɗi, sai ma kumatu da suka yi ja don daɗi. Ƙarfe goma na ce a fito. 'Ya'yan maƙwabta biyu suka fito, ƙanana aka tsamo su ɗaya-ɗaya suna kuka. Azrul bai fito ba.

Yaron ya yi lissafinsa. Babba ba ya shiga. Muddin yana cikin ruwa, wuƙa ba ta zuwa. Ya je ya tsaya jikin turken nan, ruwa na ɗaukewa ya danna.

Uwarsa ta kira, ya yi kamar bai ji ba. Hajah ta zo bakin fili ta ce ya zo ta saya masa agogo, ya danna. Bidin, da yake neman inda zai wanke fuskarsa, ya ce a bar masa, su a kwana-kwana sun sha ciro mutane daga ambaliya. Ya kutsa cikin yara wajen hamsin, duka jiƙaƙƙu, duka da gajeren wando, ruwa na dukan idonsa. Ya cafko ɗaya ya saɓa a kafaɗa ya fito da shi yana haki. Ɗan wata Ba'indiya ne. Uwar ta tarbe shi da lema, ba ta tsaya jin bayani ba. Ya koma. Azrul ya zille ta ƙarƙashin furen ƙarfe, Bidin ya bi, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas daidai ƙarƙashin turaku. Bokitin nan kuwa tun ɗazu yake cika. Duk yaran filin sun san lokacinsa, suka watse. Ya juye.

Da ruwan ya lafa, Bidin yana gabas, zanensa yana yamma a bakin magudana. Allah ya sa da gajeren wando a ciki, ja, mai lambar 'yan ƙwallo. Abin da ya fantsamo kuma ya sami Hajah Normah daga gyale har takalmi. Ban yi dariya ba. Na dai juya na gyara ɗankwalina na ɗan lokaci.

Goma da kwata. Na cire takalmi, na dubi Letchumi, ta ɗauke kai. Na taka har inda ruwa ke taɓa yatsuna, na ce Azrul, zo mu yi ciniki.

Ya ce daga nan ma yana ji.

Na ce me yake so? Ya ce a fasa. Na ce wannan ba na sayarwa ba ne, ya faɗi wani. Ya ce keke. Na ce wanda za a yi wa kaciya ina shi ina keke, ga askirim. Ya danna turke, ruwa ya tashi tsakaninmu, sai da na jira ya ɗauke. Na ce askirim biyu. Ya ce Opah, wato Kaka, ke kika ce wanda ya fara ƙari shi ne mai buƙata.

Sai na yi abin da ya karya masu kifi da masu kwakwa shekara arba'in. Na ce shi ke nan, a bar shi, na juya baya na fara tafiya. Taku ɗaya, biyu, biyar. A kasuwa ba a kai bakwai ba a kira ni ba. Na kai goma. Abin da na ji a bayana shi ne ƙarar ruwa.

Tun yana goye yake rumfata. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na dawo.

“To faɗi na gaskiya,” na ce.

“Kowace Asabar a kawo mu nan. Ni da yaran unguwarmu duka.”

“In ka warke. Wata ɗaya.”

“Har in shiga aji uku.”

“Wata uku, kuma ba ni zan riƙa bin ku ba.”

“Tok Su Bidin ya kawo mu, shi zai riƙe tawul. Da shinkafa, kowa da ƙwansa.”

Na ce rabin ƙwai. Ya ɗora tafi a kan turke, bai danna ba, yana kallona. Na dubi agogon Letchumi. Na ce Allah ya sa albarka, ƙwai guda.

Kafin ya ƙaraso sai ga jikokin Hajah biyu sun riƙe mata riga suna cewa su ma a sa su a cinikin. Babban ya ce wannan ya fi motar bara nesa ba kusa ba, motar minti goma ta yi, mesar kuma zafi gare ta, har ta kayar da shi ya fasa gwiwa. Da ƙarfi ya faɗa, gaban matan unguwarmu. Hajah ta shiga matse gyale. Na ce ba komai, a kawo su, mu ba mu rowar ruwa.

Saura sanyi. Na sa mai kifi ya buɗe manyan akwatunansa biyu, ƙanƙarar ta narke rabi. Ya ce ƙanƙarar ta kuɗi ce. Na ce wadda ta narke ruwa ce, ruwa kuma yau kyauta ne a garin nan. Muka zaunar da yara uku a ciki har wuya, mota ta tashi, mandiri na tashi. Kafin mu kai gida leɓunansu sun yi shuɗi kamar an shafa musu baba, haƙora na kaɗawa, ba mai sauran ƙarfin tsoro.

Sha ɗaya saura biyar muka sauka. Wanzami yana zaune yana shan kofi. Ya shinshina iska ya ce shekara talatin yana wannan aiki, yau ne aka fara kawo masa kamun safe.

Bidin ya riga ya samo wani zanen, kuma bakinsa ya dawo. Yana gaya wa baƙi cewa dama tsarinsa ke nan, ruwan ɗumi tukuna sannan na sanyi, haka ake yi a ƙasashen waje. Da aka nemi wanda zai riƙe yaro, ya ture kowa ya ce aikin masu taurin zuciya ne, shi da ya ga abin da ya gani a gobara. Ya shiga ɗaki, aka saki labule.

Ban ji kukan Azrul ba, ko uhum bai ce ba. Abin da muka ji shi ne wani tim, kamar buhun shinkafa ya faɗo daga kan mota. Wanzami ya leƙo ya ce an gama lafiya, amma a zo a janye wannan, ya tare masa hanya, kuma a kawo ruwa a yayyafa masa.

Mata suka tashi neman kofi. Na ce su zauna. Na sa aka sauko da akwatin kifi ɗaya, da sauran ƙanƙararsa da ɓawon jatan lande, na juye masa da hannuna. Ya buɗe ido yana tari, ya ce wa ya ba da umarni?

Na ce Shugaba.